Amsoshin Ranar Lahadi Ba Nawa Ba Ne

Greensboro, North Carolina

Zuwa ga 'yata Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Ummi.

Ina fata takardar nan ta same ki kin huta gajiyar hanya, kin ga ɗakinki, kin gane inda alƙibla take. Allah ya sa kin shiga garin a sa'a, ya tsare fitarki da shigarki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya nisanta ki da masu yi wa mutum murmushi a fuska su cuce shi a bayan ido.

Ni na roƙi Mamanki ta sa ta a akwatinki, ƙarƙashin dadduma, don na san da ita za ki fara. Lokacin da za ki buɗe, mu mun riga mun bar Ohayo, muna hanyar gida. Na san karatun Hausa yana yi miki nauyi, sai kin bi da yatsa. Ki daure ki bi. Da Turanci na saba ɓuya a gabanki, da Hausa kuwa ba ni da wurin ɓuya.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika bar shi. Shekara biyu ke nan akwai magana tsakanina da ke. Kina gaishe ni da safe, kina kawo min ruwa in na dawo, ba wanda zai kalle ki ya ce kin rage ladabi. Amma tun ranar Alhamis ɗin nan da kika gayyace ni makarantarku ban shigo ba, ba ki sake jan kujera kin zauna kusa da ni ba. Kin ba wa kanki dalili, dalilin kuma ba shi ba ne. Ba na so ki tafi da shi. Gaskiyar ta fi abin da kike zato muni a kaina, kuma mai yiwuwa in kin ji ta ɗan girman da ya rage min a idonki ya zube. Na auna, na ga gara haka.

Kin san ban yi boko mai zurfi ba, amma ba ki san iyakarsa ba. Aji huɗu ne na firamare, a Tudun Wada ta Zariya. Mahaifina ya rasu, aka kai ni wajen mai facin taya a Kwangila, shi ke nan. Abin da na samu sosai shi ne allo. Hadda kam Allah ya ba ni, in na ji abu sau biyu ya zauna. Ki riƙe wannan, za ki ga inda na yi amfani da shi ta hanyar da ba ta dace ba.

Kina da shekara biyar muka zo ƙasar nan. Na yi dakon kujeru a wani sito har bayana ya ƙi, sannan wata 'yar Kumasi ƙawar Mamanki ta sa ni a aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Aka tura ni unguwar Glenwood, wajen Mista Desmond. Kin sha jin sunansa, amma a matsayin tsohon da nake yi wa wanka kawai. Baturen Ingila ne, ya koyar da lissafi a jami'a har ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu, idonsa ya kusa tafiya, yana zaune shi kaɗai a ɗan gidan katako, ɗalibai masu haya sun kewaye shi da kekunansu. Aikina wanka, karin kumallo, magani. Ƙarfe goma kuma sai in fitar masa da takardar kuroswad daga kwamfuta, wasan nan na cike gidaje da baƙaƙen kalmomi a tsaye da a kwance, irin na jaridun ƙasarsu, mai tambayoyi a murɗe.

Ranar farko ya ce, "Lawal, ka iya karatu?"

Na ce, "Na iya, yallaɓai."

Ban ce kaɗan ba. Kuskurena na farko ke nan. Ni ne idonsa: in karanta tambaya, in faɗi gidaje nawa ne, in gaya masa baƙaƙen da suka riga suka shiga, shi kuma ya lumshe ido ya yi aikin a kansa. A sati na uku na ci karo da wata doguwar kalma da ban san yadda ake furta ta ba. Na ji kunya. Sai na musanya ta da wata gajera da na ga kamar ma'anarsu ɗaya, na wuce. Ban san cewa baƙaƙen wannan kalmar su ne za a wargaza a sake jerawa su ba da amsa ba. Na ɗauke masa kayan aiki, na bar shi yana lalube.

Kwana uku yana kanta. Ya sa na maimaita masa ta fi sau ashirin, ni kuma kullum in maimaita abin da na ƙirƙira, don in na canza zai gane. Ya rage cin abinci. Rana ta uku ina wanke kwanuka na ji shi a waya da likitansa, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana cewa yana ganin abin ya fara. Ciwon mantuwa ne ya ɗauki matarsa, ya zauna da ita har ta daina gane shi. Ni na sa dattijon nan ya yi zaton nasa ne ya zo. Kuma ko da na ji hakan, sai da na ƙara kwana ɗaya da bakina a rufe.

Da na faɗa masa, bai ɗaga murya ba. Ya ce in kira masa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ban kai na ƙarshe ba ya faɗi amsa. Sannan ya ce, "Ba don ka san komai aka turo ka ba. In kalma ta fi ƙarfinka, ka ce ta fi ƙarfinka."

Ummi, haɗa magunguna kika je koyo. Za a yi ranar da malami zai faɗi abu, kowa a aji ya gyaɗa kai, ke kuma ba ki gane ba. Ki ɗaga hannu a nan take. Kunyar ta minti ɗaya ce, kuma ke kaɗai za ki ji ta. In kika rufe, wani ne zai ɗauki nauyin daga baya, wanda bai ji ba bai gani ba, kuma sau da yawa shi ne wanda ya fi yarda da ke. Kada ki ce kin iya alhali kaɗan kika iya. Ki faɗi kaɗan ɗin.

Daga nan na fara lura da yadda yake aiki. Kin fi ni sanin wasan nan nesa ba kusa ba, amma bari in faɗa yadda ni na gan shi daga kujerar gefe. Kowace tambaya tana zuwa da ɗan labari a fuskarta, labarin kuma don ya ɗauke hankalin mutum aka yi shi. A ƙarƙashinsa hanya biyu ce zuwa amsa ɗaya: ma'anar kalmar tana zaune a farko ko a ƙarshe, sauran kuma umarni ne na yadda za a gina ta, a juya wannan, a yanke kan wancan, a cusa wani a cikin wani. Na taɓa gwada wa Mamanki da Hausa. Na ce, kiɗa ya rikice a wurin kwana, gida huɗu. Ta yi ta tunanin biki da makaɗa. Na ce ta rikita baƙaƙen kiɗa ta gani, sai ga ɗaki. Ta harare ni ta ce, "To da ya ce ɗaki tun farko, wa zai kama shi?"

Dokar Mista Desmond ɗaya ce: ba a rubuta amsa sai hanyoyin biyu sun haɗu, sai mutum ya iya bayanin kowace kalma da ke cikin tambayar, me take yi a wurin. Kuma da fensir. Wata rana ya ɗan gyangyaɗa a kujera, na ga wani wuri mai gida biyar, baƙin farko da na ƙarshe sun fito, wata kalma ta faɗo min. Na gwada, ta zauna daram. Daɗi ya kama ni, na zaro biro daga aljihu na rubuta. Da ya farka na gaya masa da fara'ata.

Ya ce, "Me ya sa ita ce?"

Na ce, "Ta shiga, yallaɓai."

Ya ce, "Ƙafata ma tana shiga takalmin maƙwabcina."

Ba ita ba ce. Kalmomi uku na tsaye da suka ratsa ta duk suka lalace, muka ɓata awa guda muna neman amsoshin da ba za su taɓa samuwa ba, ga biro ba ya goguwa. Ki kula da wannan a zamanki da mutane. Wani zai yi miki abu, nan da nan dalili ya faɗo miki, ya zauna daidai kamar don wurin aka yi shi. Zamansa daidai ba shaida ba ce. Ki tambayi kanki ko akwai wani ɓangare na abin da ya faru da dalilin nan bai yi bayaninsa ba. In akwai, ki riƙe shi da fensir. Haka in wani ya zo miki da magana mai daɗi, ko abota ko fiye da abota, kada ki tsaya a kan labarin da ke fuskar maganar, ki duba abin da kowane ɓangarenta yake nema daga gare ki. Ke ma kin rubuta wata amsa a kaina da biro, amma ban ga laifinki ba. Ni na ɓoye miki sauran baƙaƙen.

Yanzu ga babbar.

Kina da shekara takwas na kai ki asibiti, kina tari. Matar da ke karɓar mutane ta miƙo min takarda in cike. Na tsaya ina kallon ta. Kika karɓa a hankali kika cike, matar kuma daga nan ta daina kallona, ke take yi wa magana. A bas kika tambaye ni da Turanci, ba da raini ba, tambayar yara ce kawai, me ya sa ni ban iya rubutu kamar baban su wance ba. Na ce idona ne ke ciwo.

Lahadin da ta biyo baya, da hantsi, Mamanki na suyar ƙosai, kika tsinci takardar kuroswad a aljihun rigar aikina. Sabuwa ce, ban san ma na fitar da biyu ba. Kika tambayi mene ne, kika karanta min tambayar farko da ƙyar. Ta ranar Juma'a ce. Na san amsar, da hannuna na rubuta ta a Glenwood, na kuma ji bayaninta daga bakin mai ita. Na ɗaga kai na kalli silin, na yi kamar ina tunani, na ƙirga goma a zuciyata, na faɗa. Kika ƙirga gidajen da yatsa. Kika ɗago kika kalle ni.

Ummi, ban taɓa samun irin wannan kallo daga kowa ba tun da na sauka ƙasar nan. A wajen aiki ni ne wanda ake yi wa magana a hankali da ƙarfi kamar kurma. A masallaci har yau ni ake aika ɗauko kujeru. Ga 'yata tana kallona kamar wani shehi. Na so in ce miki ba ni ba ne. Na ce bari sai mako mai zuwa.

Shekara takwas mako mai zuwan bai zo ba. Kowace Juma'a in fitar da takarda biyu, in ɓoye ɗaya. In saurari dattijon da kunne biyu, in haddace amsa da bayaninta a bas daga Glenwood har gida, ina motsa baki kamar mai tilawa. Ranar Lahadi in zauna in yi wasan kwaikwayo. Har na san inda zan yi jinkiri, inda zan yi tsaki, inda zan bar guda ɗaya in ce sai mun sha shayi.

Mamanki ta sani tun makon farko. In ta gan ni ranar Asabar ina zagaye falo ina motsa baki sai ta ce, "Shehin jarida, an kusa sauka?"

In ce, "Rage murya mana."

Ta ce, "Zan rage. Amma yarinyar nan ba za ta dawwama a shekara takwas ba, Malam."

Ba ta taɓa tona ni ba. Ta ce ni na ɗaura, ni zan kwance. Kada ki riƙe ta da komai, ta yi min magana har ta gaji.

Da ƙaryar ta tsaya a kan in yi ado da abin da ba nawa ba, da da sauƙi. Abin da ya fi ci min rai shi ne abin da na yi miki. Kina da shekara goma sha biyu kika fara warwarewa da kanki. Ni mai lura ne, na san alamarki: in kin kusa, sai ki daina kaɗa ƙafa, ki sa gindin fensir a haƙori. Da na ga haka sai tsoro ya kama ni kada ki riga ni, sai in yi wuf in faɗi amsar. Sau nawa na ƙwace miki abu yana bakin harshenki, Allah kaɗai ya sani. Wata Lahadi kika ajiye fensir kika ce ke dai ba ki da sauri, ba za ki taɓa kamo ni ba. Na shafa kanki na ce ki ci gaba da ƙoƙari. Tun daga lokacin na ga kina shakkar kanki har a abin da ba wasa ba. Sakamako ya fito kin yi na ɗaya, ki ce sa'a ce. Da takardar jami'ar nan ta zo, sai da kika karanta sau uku kina neman inda suka yi kuskure. Ni na shuka miki wannan.

To ki ji gaskiyar da ya kamata ki ji tun tuni. Akwai wata Juma'a, kina da shekara goma sha huɗu, da tambaya ɗaya ta gagari Mista Desmond. Ya yi har la'asar, ya ce a bar ta. Na zo gida ba ni da amsa, ba ni da dabara. Ranar Lahadi na yi ta kewaye ta, ina cewa mu fara da na ƙasa. Kika duƙufa a kanta wajen minti goma, kika faɗe ta, kika kuma warware min ita kalma bayan kalma, babu wadda ta rage. Kin tuna abin da na ce? Na ce da ma jira nake in ga ko za ki gano. A duk ƙaryar da na yi a rayuwata babu wadda nake jin kunyarta kamar wannan.

Ranar Litinin na kai masa. Ya bugi hannun kujera, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce wa ya warware, na ce 'yata. Ya ce shekararta nawa. Da na faɗa, ya ce in maimaita. Daga nan bakina ya kubce, na gaya masa komai, takarda biyun, bas, silin. Dariyar ta tsaya.

Ya ce, "Lawal, yarinyar nan tsere take yi da mutumin da ya shekara hamsin yana abin nan, ga shi an ba shi kwana biyu gaba, kuma tana zaton ita ce mara sauri. Ka kawo min ita. Ni zan gaya mata, in kai ba za ka iya ba."

Na ce to. Sai na ce jarrabawa ta zo. Sai na ce azumi. Sai na ce sanyi ya yi yawa. Duk wata sai ya tambaya, har sunanki ya koya, yana cewa Hawa kamar yadda malamanki ke faɗa. Shekara biyu ina ja masa rai. Ya rasu da hunturu, kina aji na kusa da ƙarshe, bai gan ki ba. Na hana shi ganin ki, na hana ki jin yabo daga bakin wanda ya san darajar abin. Wannan ba zai gyaru ba, sai dai in faɗa.

Shawarata a nan gajera ce, don ban cancanci in tsawaita ba. Kada ki karɓi girman da kika san ba naki ba ne, ko da a hannu aka miƙo miki, ko da kina jin yunwarsa. Ana fara shi da abu ƙarami, daga baya sai mutum ya ga yana danne na kusa da shi don kada rufin ya yaye. In kuma wani na ƙasa da ke ya kusa gano abu da kansa, ki kama bakinki ki bar shi ya iso. In ya riga ki, ki gaya masa ya riga ki.

Bayan rasuwarsa na ce miki na gaji da wasan, aiki ya yi yawa. Ke kuma ashe kin riga kin kafa ƙungiyar masu warware kuroswad a makaranta, kin cika su da labarin babanki da bai gama firamare ba amma babu tambayar da ke gagararsa. Kika shirya da malamarku in zo ranar Alhamis bayan an tashi, za ta kawo sabuwar takarda ta ranar, in warware a allo a gaban kowa. Sati biyu kina tuna min. Kika goge min farar rigata da kanki.

Na zo, Ummi. Kin san na zo. Ƙarfe uku da kwata na shiga filin ajiye motoci, na tsaya can ƙarshe kusa da shingen filin ƙwallo. Na kashe mota. Daga nan ina hango ƙofar, ina hango ki da hijabinki mai ruwan toka, kina fitowa kina duba hanya kina komawa. Sau huɗu kika fito. Na kama murfin mota na sake, na kama na sake. Na yi tunanin in shiga in faɗi gaskiya a gaban yaran, na ga ke za a yi wa dariya gobe. Na yi tunanin in shiga in gwada, na san ko ɗaya ba zan iya ba. Da kika fito na huɗu kika daɗe a tsaye, sannan kika koma kika ja ƙofar. Na tada mota na tafi McLeansville can bayan gari, na yi ta bin gonaki ba inda za ni, har lokacin tashi daga aiki ya yi.

Da na shigo na ce aiki ne ya riƙe ni. Kina wanke kofi, ba ki juyo ba. Kika ce da Turanci, "Na ga motarka, Baba. In ka ga ba mu kai ka ɓata lokacinka a kanmu ba, da ka faɗa tun farko."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ba haka ba ne." Kika jira. Ban ƙara komai ba.

Shekara biyu kina ɗauke da cewa mahaifinki ya zo har ƙofa, ya auna ki da abokanki, ya ga ba ku isa ba. Na ga abin yana cin ki, na kuma zaɓi in bar ki da shi, don in kina ganina mai girman kai, aƙalla kina ganina mai ilimi. Ki dubi irin cinikin da na yi. Ba raini ne ya hana ni fitowa daga motar nan ba. Tsoronki nake ji. Babu wanda ya isa a ɗakin nan kamar ke, ni ne ban isa ba.

Duk wanda Allah ya haɗa ki da shi nan gaba, ƙawa ce ko miji ko 'ya'yanki, in kika ga ya ɗauki wani dalili marar daɗi a kan abin da kika yi, kuma kin san ba shi ba ne, kada ki bar shi ya kwana da shi don ki tsira da mutuncinki. Ki gaya masa a ranar. Kowace rana da aka ƙara, bakin yana ƙara nauyi. Ni sai da na ga ana ɗaure akwatinki sannan na iya, shi ma a takarda.

Sauran abubuwan kin ji su daga Mamanki, ba sai na maimaita da yawa ba. Ki tsare salla a kan lokaci ko da tsakanin aji biyu ne. Ki ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a rana. Ki nemi inda 'yan uwa Musulmi suke tun makon farko, kada ki jira sai kin shiga damuwa. Ki kira Mamanki, ita ba ta yi miki komai ba, kuma tun da aka fara shirin tafiyarki take shiga ɗakinki tana gyara abin da yake a gyare.

Ni kuma ina neman gafararki. Ban ce ki yi sauri ba. In fushi ya zo, ki yi shi, ki kira ni ki faɗa min duk abin da ke ranki, da Turancin ma, zan gane. Gara min ki yi fushi da mahaifinki na gaskiya a kan gaisuwar da kike yi wa wancan da na ƙera miki. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki kira ki yi kamar ba ki ga takardar nan ba. Wannan halina ne, ba na so ki gaje shi.

Za ki ga wata takarda a naɗe a bayan wannan. Tun bayan ranar Alhamis ɗin nan nake fitar da guda duk mako, in zauna da ita a mota lokacin hutun rana, ni da ƙamus, babu mai gaya min. Watannin farko ko ɗaya ban samu ba. Wannan ta makon jiya ce. Tambaya ashirin da takwas ne, na samu huɗu. Huɗun nan nawa ne, kowace zan iya gaya miki dalilinta, na ma rubuta a gefe da irin rubutuna, kada ki yi dariya da yawa. Sauran na bar su fari. Ta goma sha huɗu a kwance ta tsaya min tun ranar Talata, na san inda ma'anar take amma na kasa gane abin da ake so in yi da sauran kalmomin. In ranki ya sauko, wata Lahadi da hantsi, ki kira ki yi min bayaninta a hankali. Ba zan katse ki ba.

Allah ya yi miki albarka, Ummi. Ya buɗe miki ƙirji, ya ba ki ilimi mai amfani da malamai masu tausayi. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na dare da na mutum, ya kare lafiyarki a sanyin garin nan, ya sa duk wanda zai sha magani daga hannunki ya samu sauƙi. Ya dawo mana da ke lafiya. Ya kuma sanya miki sassauci a zuciya game da ni, a lokacin da ya ga dama.

Mamanki tana gaishe ki. Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Lawal